John Saxby: Kafintan Da Ya Yi Wa Kuskure Makulli A Hanyar Jirgin Ƙasa

Duk wanda ya shiga jirgin ƙasa ya sauka lafiya, direba yakan yaba wa. Ba safai akan tuna da mutumin da ke zaune can a ɗakin sigina a gefen dogo ba, alhali kuwa direba ba shi da sitiyari, inda aka buɗe masa hanya nan yake bi. Idan mai sigina ya ba jirgi hannu ya wuce, ga shi kuwa ƙarafan mararraba suna fuskantar layin da wani jirgi yake tsaye, to, ƙwarewar direba ba ta hana aukuwar ta'adi. Mutumin da ya yi suna wajen toshe wannan kafa shi ne John Saxby, wani Bature wanda ya tashi da zarto da kurfi a hannu.

An haifi John Saxby ran 17 ga watan Agusta, 1821, a lardin Sussex da ke kudancin Ingila. Bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara 13 aka kai shi koyon kafinta, kuma a 1840 ya sami aiki a kamfanin da ke shimfiɗa dogo daga Landan zuwa Brighton, garin da ke bakin teku. Aikinsa na farko shi ne sassaƙa turakun katako da ake kafawa don nuna mil. Ko a wannan ɗan aiki sai da ya ƙago wani abin aiki da ya sa sassaƙar ta yi sauri. Sannu a hankali ya yi ta ɗaukaka, har ya zama shugaban kafintoci da sauran masu aikin hannu a ma'aikatar kamfanin da ke Brighton.

A wancan zamani tsaron jirgi ya dogara ne bisa idon mutum da agogo. Akan tsayar da ma'aikata a bakin hanya, waɗanda ake kira 'yan sanda, da tuta a hannu da rana, da fitila da dare. In jirgi ya wuce sai su jira 'yan mintoci, sa'an nan su saki na bayansa, bisa zaton na gaba ya yi nisa. Daga farkon shekarun 1840 aka fara kafa sigina mai hannu, watau dogon turke da allo a samansa: in allon ya miƙe sambal, a tsaya ke nan, in ya sunkuya, a wuce. Amma a mararraba, mai jan sigina daban, mai sauya ƙarafan hanya daban, kowa yana tsaye a nasa wuri cikin ruwa da hazo. Ba abin da ya haɗa aikinsu sai kira da ɗaga hannu. Ko da mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, ba abin da zai hana shi ya ja wannan ya mance da wancan.

A farkon shekarun 1850 aka yi haɗurra a layin Brighton saboda kuskuren sigina. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a nemo wanda ya yi sakaci, a hore shi, a kuma ja kunnen saura. Saxby ya dubi al'amarin ta wata fuska. Ya lura cewa mutum, komai natsuwarsa, wata rana zai gaji, ko hankalinsa ya rabu biyu, saboda haka jan kunne kaɗai ba ya magani. Abin da ya kamata shi ne a ƙera kayan aikin ta yadda hannu ba zai iya aikata kuskuren ba, ko da zuciya ta yi mantuwa. Da farko ya gyara fitilar sigina. Daga nan, a 1856, ya yi rajistar wata dabara ta ɗaure sigina da ƙarafan sauya hanya wuri ɗaya. Aka kafa ta a mararrabar Bricklayers Arms a kudancin Landan, inda sigina 8 da masauyan hanya 6 suka koma ƙarƙashin ikon ɗaki guda.

Ba shi kaɗai ne ya yi wannan tunani ba. A Faransa wani ma'aikacin reluwe mai suna Vignier ya yi irin wannan ƙoƙari a daidai lokacin. A Ingila kuma Austin Chambers ya fito da tsarin da ya fi na Saxby na farko, domin a nasa sai an gama motsi ɗaya tukuna na biyu yake yiwuwa, ba a yin su tare. Abin da ya bambanta Saxby shi ne bai tsaya a kan abin da ya fara ba. A 1860 ya sake fasalin na'urarsa, a 1867 kuma ya ƙara mata wani gyara, ta yadda da zarar mai sigina ya damƙe mariƙin liba, tun bai ja ta ba, makullan sun riga sun shiga.

Ga yadda abin yake aiki. Ɗakin sigina bene ne mai tagogin gilashi, don mai aiki ya hangi hanya gabas da yamma. A sama an jera libobi, watau dogayen sandunan ƙarfe, kowace da lambarta. Wasu suna jan waya zuwa sigina, wasu suna tura sandunan da ke sauya hanya. Tare da su akwai wasu ƙarafa masu tsaga da haƙora, suna gilma wa juna. In aka ja liba ɗaya, sai haƙoranta su faɗa cikin tsagar waɗansu su riƙe su gam. Da haka aka sami ƙa'idodi 3 waɗanda ƙarfe ke tsarewa. Ba a iya ba jirgi hannu sai an daidaita masa hanya. In an ba shi hannu, ba a iya sauya hanyar sai an mayar da sigina. Ba a kuma iya ba jirage biyu hannu zuwa inda za su yi karo. Mai sigina ko ya kai Sarkin Ƙarfi, libar da aka kulle ba ta motsi.

Sai dai wannan dabara mararraba ta tsare, ba ta hana jirgi ya cim ma na gabansa a miƙaƙƙiyar hanya ba. Ran Lahadi 25 ga Agusta, 1861, jirage 3 suka tashi daga Brighton kusa da kusa. A bakin ramin Clayton, inda dogo ya huda tudu, sigina ta ƙi komawa, mai tsaron wurin kuwa aikin sa'a 24 yake yi a jere. Ya ɗaga jar tuta, jirgi na biyu ya tsaya cikin ramin ya fara ja da baya. Aka sami rashin fahimta a saƙon tangaraho, aka saki na uku, ya afka masa cikin duhu. Mutum 23 suka mutu, 176 suka ji rauni. Wannan ya nuna cewa agogo ba abin dogara ba ne, dole a yanka hanya kashi-kashi, kada jirgi ya shiga wani kashi sai an tabbata na gaba ya fita.

A farkon shekarun 1860 ɗin Saxby ya bar aikin albashi ya kafa nasa. Ya haɗa gwiwa da John Stinson Farmer, wani babban ma'aikacin zirga-zirga na kamfanin Brighton, suka kafa Saxby da Farmer, da masana'anta a Kilburn cikin Landan. Kasuwa ta buɗe, har ma'aikatansu suka kai wajen 3,000. Kayansu suka ƙetare teku zuwa Amurka da Indiya da ƙasashen Turai, a 1878 kuma suka buɗe wata masana'anta a Creil ta ƙasar Faransa. Su ne ma suka ƙera siginar titi ta farko, wadda aka kafa kusa da Majalisar Dokokin Ingila a watan Disamba, 1868. Ba ta daɗe ba, domin iskar gas ta fitilarta ta fashe ta ƙona ɗan sandan da ke kula da ita, aka janye ta.

Duk da haka, samun magani daban, shansa daban. Kafa ɗakin sigina kuɗi ne, kuma kamfanoni da yawa sun yi ta jan ƙafa, suna ganin tsofaffin hanyoyinsu sun isa. Sufetocin gwamnati suna iya tilasta wa sabon layi kafin a buɗe shi, amma a kan tsohon layi shawara kurum suke bayarwa. Haka aka yi ta tafiya har ran 12 ga Yuni, 1889, sa'ad da wani jirgi cike da yara masu zuwa yawon shan iska ya kasa hawan tudu kusa da Armagh a ƙasar Ailan. Aka raba jirgin biyu, taragun baya suka gangaro da gudu, suka yi karo da jirgin da aka saki a bayansu. Mutum 80 suka rasu. Kafin watan Agusta ya ƙare majalisa ta zartar da doka wadda ta ba hukuma ikon tilasta abu 3 a kan duk layin fasinja: raba hanya kashi-kashi, kulle sigina da masauyan hanya, da birki mai kama kansa a dukan taragu. Shekara 33 ke nan bayan rajistar Saxby ta farko.

Haɗin gwiwarsa da Farmer ya ƙare a 1888, amma kamfanin ya ci gaba, har sunan Saxby ya shiga cikin na kamfanin Westinghouse a 1920. Shi kuwa ya koma lardin haihuwarsa, ya rasu ran 22 ga Afrilu, 1913, yana da shekara 91, a garin Hassocks, ɗan taƙi kaɗan daga bakin ramin Clayton.

Yau yawancin ɗakunan sigina na Ingila an rufe su. Lantarki ya gaji liba, kwamfuta kuma ta gaji lantarki tun daga 1985, sa'ad da aka fara aiki da ita a Leamington Spa. Wasu ɗakunan an rushe, wasu an adana su, kamar guda 26 da gwamnati ta sa cikin gine-ginen tarihi a 2013. Amma ƙa'idodin nan 3 suna nan daram cikin kwamfutar, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Akwai abin lura a nan ga duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a, a ofis ko a asibiti ko a ma'aikata. In ɓarna ta auku, neman mai laifi ba shi da wuya, amma gobe wani zai zauna a kujerar, da gajiya irin tasa da mantuwa irin tasa. Saxby ya bar mutum a matsayinsa na ajizi, ya gyara abin da ke hannunsa.