Tanimun ɗan Sulaimana: daga zuriyar malamin ƙauye zuwa gadon Damagaram

Yau mun waiwayi tarihin Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaimana. Kowa a nan ya san sunansa da ganuwarsa, amma ba kowa ya san tsatsonsa ba. To, shi muka bi.

Asalin gidan daga Barno yake. A wajajen shekarun 1730 wani malami mai suna Malam Yunus ya zo ya zauna a karkarar gabas da Zindar ta yau. Da allo da tawada ya zo, mutane suka taru a kansa saboda karatu, har ƴaƴansa da jikokinsa suka zama shugabanni. Sunan masarautar ma daga wannan karkara ya fito, wato garin da muke kira Damagaram Takaya, wanda yanzu ya zama gunduma mai zaman kanta.

A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimana, mahaifin Tanimun, ya maida mazaunin sarauta Zindar. Bayansa rigima ta tashi a cikin gida. Ƴaƴansa biyu, Ibrahim da Tanimun, suka yi ta ja-in-ja kan gado, Shehun Barno kuma yana sa baki, tunda a lokacin Damagaram ƙarƙashinsa take. Tanimun ya hau a 1841, aka sauke shi a 1843, Ibrahim ya koma. Sai a 1851 ya dawo, daga nan kuwa bai sauka ba sai da ajali ya zo a 1884.

A cikin shekarun nan 33 ne Damagaram ta zama abin da muka ji a bakin kakanni. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har ya sa maƙeransa suna zuba igwa a nan gida. Ya shigo da ƙasashen maƙwabta irin su Muniyo ƙarƙashin ikonsa. Ayarin raƙuma daga Tarabulus yana sauka a Zango, ana ciniki har Kano da Kukawa.

Amma fa gaskiya ɗaya ce: wani babban kaso na wannan arziki daga hare-hare da cinikin bayi ya fito. Ƙauyuka da dama sun watse, an raba uwa da ɗa. Akwai gidajen da har yau in sun bi salsalarsu, a wannan zamanin zaren yake tsinkewa. Su ma tarihin nan nasu ne.

Sarauta ta ci gaba a hannun ƴaƴansa. Ɗansa Amadu Kuran Daga shi ne a kan gado lokacin da aka kashe kaftin Cazemajou a 1898, shi ne kuma ya kara da sojan Faransa a Tirmini a 1899, inda Nasara suka ci garin.

Kun ga, sunayen nan sun iso gare mu ne saboda maroƙa da malaman fada sun riƙe su, suna miƙa wa na baya. Gidajenmu na talakawa ba su da mai yi musu wannan aiki. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, ku zauna da su tun suna raye, ku tambayi sunan kaka da kakan kaka da garin da suka baro, ku rubuta ko ku naɗa a salula. Allah ya jiƙan magabata.