WILLIAM BEAUMONT: LIKITAN DA YA LEƘA CIKIN TUMBIN ƊAN ADAM

Daga Wakilinmu, Kaduna

Cikin cututtukan da ke yawan kai jama'a asibiti, daga Kakuri har Sabon Tasha, akwai gyambon ciki da kuma amai da gudawa. Duka biyun wuri ɗaya suke taɓawa, wato siririyar fatar nan da ta shimfiɗe cikin tumbi da hanji, wadda ke bari abinci ya shiga jini amma ta tare ƙwayoyin cuta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar shekaru suna kallon wannan fata a jikin mutum mai rai shi ne wani likitan sojan Amurka, William Beaumont.

An haife shi ran 21 ga Nuwamba 1785 a garin Lebanon, cikin jihar Connecticut, a gidan manoma. Bai taɓa shiga jami'a ba. Ya fara da aikin malanta, sa'an nan ya yi shekara biyu yana koyon likitanci a hannun wani likita a jihar Vermont, aka ba shi izinin aiki a 1812. A shekarar ce yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Ingila, ya shiga soja yana jinyar waɗanda suka ji rauni. Daga bisani aka tura shi barikin tsibirin Mackinac, kusa da iyakar Kanada, inda ake cinikin fatun namun daji.

Ran 6 ga Yuni 1822 bindigar farauta ta tashi bisa kuskure a kantin kamfanin fatu, ta sami wani saurayi ɗan Kanada, matuƙin kwalekwale, mai suna Alexis St. Martin. Harbin ya karya masa haƙarƙari, ya taɓa huhu, ya huda tumbi. Beaumont kansa bai zaci zai tashi ba, amma da yake da sauran kwana a gaba, ya tashi. Sai dai bakin tumbin ya manne da fatar waje, ya bar kafa wadda ba ta sake rufewa ba. Da hukumar garin ta gaji da ciyar da majinyacin, likitan ya ɗauke shi zuwa gidansa.

A watan Agusta 1825 aka fara gwaji. Beaumont kan ɗaure yankan nama ko burodi ko kabeji da zaren siliki, ya zura ta kafar, ya jawo bayan sa'a guda ya duba yadda ya narke. Ya kan kuma zuƙo ruwan tumbin ya zuba a kwalba, ya jefa nama ciki. In aka riƙe kwalbar da ɗumi irin na jikin mutum, sai naman ya narke, ko da yake a hankali. In ruwan ya yi sanyi kuwa, sai aikin ya tsaya. Da wannan ya tabbatar cewa ruwan tumbi shi ne tushen narkewar abinci, alhali da yawa a lokacin suna tsammanin niƙa ce kawai ko ruɓewa. Ya aika da ruwan ga Farfesa Robley Dunglison na Jami'ar Virginia, aka sami asid mai ƙarfi a ciki.

Abin da ya fi amfani ga likitocin baya shi ne bayaninsa game da ita fatar kanta. Ya ga tana lulluɓe da wani yauƙi, launinta kuma ja-ja ne mai haske in mutum na lafiya. In St. Martin ya yi fushi, ko zazzaɓi ya kama shi, ko ya sha giya da yawa, sai fatar ta yi ja wur ko ta bushe, wani lokaci har da ƙuraje. A 1833 ya buga littafi a Plattsburgh mai ɗauke da gwaji 238.

Amma fa wannan ilmi a jikin talaka aka samo shi. St. Martin bai iya karatu ba. Shi ne mai faskaren itace da aikace-aikacen gidan likitan, shi ne kuma abin gwaji, ga azumin dole da ciwon da zura zare ke jawo masa. Ya gudu Kanada a 1825, sai a 1829 aka dawo da shi. A 1832 ya sa hannu a takardar yarjejeniya ta dala 150 a shekara. Bayan littafin ya fita ya koma gida, duk roƙon da Beaumont ya yi ta yi bai komo ba.

Beaumont ya bar soja ya zauna a birnin St. Louis yana aikin likita. Ya zame kan ƙanƙara ya bugu, ya mutu ran 25 ga Afrilu 1853. St. Martin kuwa ya rayu har 1880 da kafarsa a buɗe. Iyalinsa sun bar gawar ta fara lalacewa kafin su binne ta cikin rami mai zurfi, don kada likitoci su tone.

Kwalbar nan ta Beaumont ita ce kakar abin da masana ke yi yanzu, wato kwaikwayon aikin ciki a wajen jiki. A 1977 Jorgen Fogh a jihar New York ya bayyana wasu ƙwayoyin halitta da aka samo daga sankarar hanji. In aka rene su a faranti sai su jeru su manne kamar shimfiɗar hanji, da su ake auna yadda magani ke ratsawa. A 2009 Toshiro Sato da Hans Clevers a ƙasar Holan suka reni ƙananan hanji daga ƙwayar halitta guda, a 2012 kuma masana a Jami'ar Harvard suka ƙera ɗan faifan roba mai motsi irin na hanji. Da irin waɗannan ake nazarin yadda dafin kwalara ke sa hanji ya kwararar da ruwa, da yadda katangar ke tsagewa ta kuma gyaru.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar likitanci, tarihin nan yana da fuska biyu. Beaumont ya nuna abin da natsuwa da rubuta duk abin da ido ya gani za su iya haifarwa, ko da babu kayan aiki. St. Martin kuwa ya bar tunatarwa cewa majinyaci yana da haƙƙin ya ce a'a, haƙƙin da dokokin bincike na yau suka wajabta a kiyaye.