Armand Peugeot: Jikan maƙeran zarto da ya raba gari da danginsa saboda mota

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Najeriya tsakanin shekarun 1970 da 1990 ya san matsayin motar da Hausawa ke kira Fijo. Ita ce motar babban sakatare, ita ce ta darakta, kuma ita ce burin ƙaramin ma'aikaci ranar da bashin mota ya fito. Sunan da ke jikinta na wani iyali ne na gabashin Faransa, kuma mutumin da ya shigar da iyalin harkar mota, Armand Peugeot, sai da ya yi sa-in-sa da ɗan baffansa, ya bar kamfanin gado, ya zuba dukiyarsa a kan abin da mafi yawan mutanen zamaninsa ke ɗauka wasan masu kuɗi ne.

An haifi Armand a shekarar 1849 a yankin Montbéliard da ke kusa da iyakar Faransa da Suwizalan. A nan ne kakansa Jean-Pierre da ɗan'uwansa Jean-Frédéric suka mayar da injin niƙan hatsi na gidansu masana'antar sarrafa ƙarfe a 1810, a garin Hérimoncourt. Da zarto suka yi suna. Daga baya suka shiga ƙera na'urar niƙa gahawa, da ƙarafan lema, da siraran ƙarafan da matan Turai na lokacin ke sa wa a cikin siket domin ya buɗe. A 1858 aka yi wa tambarin zaki rajista. An zaɓe shi ne domin ya nuna ƙarfin haƙoran zarton da kamfanin ke sayarwa da saurin yankansa, shekaru fiye da talatin kafin a manna shi a gaban wata mota.

Mahaifin Armand, Émile, da baffansa Jules su ne suka riƙe kamfanin a tsakiyar ƙarnin, sannan ragamar ta koma hannun 'ya'yansu biyu, Armand da Eugène. Halayensu sun sha bamban. Eugène mutum ne mai taka-tsantsan, wanda ke ganin amanar da aka bar masa ita ce ya kiyaye abin da ya tarar. Shi kuwa Armand ya zauna a birnin Leeds na Ingila yana matashi, ya ga yadda masana'antun Turawan Ingila ke aiki, ya kuma ga yadda keke ke samun karɓuwa a can. Da ya dawo gida ya matsa har kamfanin ya fara ƙera keke a 1882, irin mai ƙatuwar ƙafa a gaba da ƙarama a baya. Cinikin ya yi albarka, kuma ƙwarewar da ma'aikata suka samu wajen haɗa sarƙa da ƙafafu masu waya da bututun ƙarfe marar nauyi ita ce ta zama tushen motocin farko.

Gwajinsa na farko bai yi armashi ba. A 1889 ya haɗa kai da injiniya Léon Serpollet suka ƙera wata mota mai ƙafa uku da ke aiki da tururi, aka nuna ta a babban baje-kolin duniya na birnin Paris, wanda dominsa aka gina hasumiyar Eiffel. Guda huɗu kacal aka yi. Tukunyar tururin tana da nauyi, tana bukatar ruwa da makamashi a kai a kai, kuma sai an jira ta yi zafi kafin a motsa. Armand bai tsaya kare kuskurensa ba. Ya gana da Émile Levassor, wanda kamfaninsa na Panhard et Levassor ke da izinin ƙera injin fetur na Bajamushe Gottlieb Daimler a Faransa, suka daidaita cewa Levassor zai ba shi injin, shi kuma ya ƙera gangar jikin. A 1890 motar Peugeot ta farko mai ƙafa huɗu da injin fetur ta fito.

Matsalar da ta biyo baya ita ce yadda za a shawo kan jama'a su yarda cewa wannan abu zai iya tafiya mai nisa. A 1891 jaridar Le Petit Journal ta shirya tseren keke daga Paris zuwa Brest da dawowa, tafiyar kilomita kusan 1,200. Armand ya nemi izini motarsa ta bi masu tseren, domin jami'an da ke tsaye a kowane zango su shaida wucewarta. Injiniyansa Louis Rigoulot da makanikinsa Auguste Doriot suka tuƙo ta tun daga masana'anta a Valentigney, suka je Paris, suka wuce Brest, suka komo gida, jimillar tafiya fiye da kilomita 2,000. Matsakaicin saurinta bai wuce kimanin kilomita 14 a sa'a ɗaya ba, har ma wanda ya lashe tseren, Charles Terront, ya riga ya koma Paris a kan kekensa kafin motar ta isa Brest. Duk da haka ta je ta dawo da ƙarfin injinta, kuma abin da Armand ke son a gani ke nan.

Masu sayen motocin farko sun sha fama. Injin mai silinda biyu ne, ƙarfinsa na doki biyu, an ɗora shi a baya, sarƙa ce ke juya ƙafafun kamar ta keke. Babu sitiyari mai zagaye, da sandar ƙarfe ake juya ta. Fasinjoji suna zama ne suna fuskantar juna, babu gilashin gaba, tayoyin kuma roba ce curarriya marar iska, saboda haka duk ramin da aka faɗa sai ya kai ga ƙashin baya. Wutar injin tana tashi ne daga wani ɗan bututu da ake gasawa da harshen wuta, iska mai ƙarfi kuwa tana iya hure shi motar ta tsaya a tsakiyar hanya. Gidajen mai babu su, a kantin magani ko na kayan masarufi ake neman fetur. Mai mota a wancan zamani dole ya zama rabin bakanike, ko ya ɗauki bakanike ya riƙa yawo da shi. Da wannan wahala duka aka samu masu saye. A 1892 aka ƙera wa Ali Bey, sarkin Tunis, wata ta musamman da aka yi wa ado da zanen furanni, a farkon 1893 kuma wani mai masaƙa a arewacin Italiya, Gaetano Rossi, ya karɓi tasa, wadda ake lissafawa a matsayin motar farko da ta yi yawo a titunan ƙasar.

Gasa ta ƙara ɗaga sunan. A watan Yulin 1894 aka yi tafiyar Paris zuwa Rouen, kilomita 126. Motar tururi ta De Dion ce ta fara isa, amma alƙalai suka hana ta kyautar farko saboda sai da mutum na biyu mai kula da wuta take tafiya, aka raba kyautar tsakanin Peugeot da Panhard et Levassor. A shekara mai zuwa, a tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa, Levassor ya riga kowa, sai dai motarsa mai kujera biyu ce, ƙa'ida kuwa ta ce huɗu, don haka kyautar ta koma ga Paul Koechlin da ke tuƙa Peugeot. A wannan tseren ne 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin suka gwada tayoyi masu iska a kan wata Peugeot, suka yi ta fama da faci har ƙarshen tafiya.

Duk wannan bai gamsar da Eugène ba, kuma yana da hujja. Motoci 29 kamfanin ya yi a 1892, a 1895 kuma 72. A gefe guda zarto da keke da sauran kayan ƙarfe su ne ke biyan albashin ɗimbin ma'aikata a garuruwan da babu wata sana'a da ta kai ta gidan Peugeot. A ganinsa, kwasar ribar da ta tabbata a zuba a abin da ba a san makomarsa ba kasada ce da abincin mutane. Armand kuma yana ganin duk wanda ya jira sai kasuwa ta nuna, zai tarar wasu sun riga sun kama wuri. Da aka kasa samun matsaya, sai aka rabu. A watan Afrilun 1896 Armand ya kafa kamfaninsa na motoci, ya gina masana'anta a Audincourt, aka kuma yi yarjejeniya cewa shi ba zai taɓa kayan aiki da keke ba, su kuma ba za su ƙera mota ba.

Shekarar ta zo masa da nauyi biyu. A cikinta ne ɗansa namiji tilo, Raymond, ya rasu. Mutumin da ya bar gidan gado domin ya kafa nasa sai ya wayi gari babu ɗan da zai miƙa wa, a zamanin da ba a ba 'ya'ya mata shugabancin masana'anta. Bai janye ba. A wannan shekarar kamfanin ya daina dogara da injin Daimler ya fara ƙera nasa, wanda Rigoulot ya tsara, daga baya kuma aka buɗe wata masana'anta a Lille da ke arewacin ƙasar. A 1899 an ƙera motoci 300.

Lokaci ne ya warware rigimar. 'Ya'yan Eugène uku, Pierre da Robert da Jules, sun taso suna kallon motar da mahaifinsu ya ƙi tana cika tituna. Suka nemi izinin Armand, bisa biyan kuɗi, suka fara fitar da ƙananan motoci da sunan Lion-Peugeot a tsakiyar shekarun 1900. Na ɗan lokaci an sami kamfanoni biyu masu suna ɗaya suna neman masu saye ɗaya. Eugène ya rasu a 1907, a 1910 kuma aka haɗe ɓangarorin biyu na mota da keke wuri guda. Ragamar ta koma hannun Robert, ɗan mutumin da ya ce mota ba za ta yi ba.

Armand ya ga amfanin wahalarsa kafin ya bar duniya. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, kuma a shekarar Georges Boillot ya lashe babban tseren Faransa a Dieppe. A 1913 Jules Goux ya kai Peugeot Amurka ya lashe tseren Indianapolis na mil 500, aka kuma fitar da ƙaramar motar nan Bébé da Ettore Bugatti ya tsara. A wannan shekara Armand ya ajiye aiki. Ya rasu a farkon 1915 a Neuilly-sur-Seine, kusa da Paris, yana da shekara 65, Yaƙin Duniya na Ɗaya na ci, masana'antun da ya kafa kuma sun koma ƙera kayan soja. An binne shi a maƙabartar Père Lachaise.

Magadansa suka ci gaba. Da samfurin 201 na 1929 aka fara sa wa motocin lamba uku mai sifili a tsakiya. An fitar da 404 a 1960, ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka har sau huɗu a shekarun 1960, kuma a-kori-kurarta ta yi shekaru tana ɗaukar buhuna da awaki zuwa kasuwannin ƙauye. Sai 504 a 1968, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. Abin da ya sa ta dace da hanyoyin Afirka a bayyane yake: cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta na shanye gargada, injinta kuma ba shi da sarƙaƙiyar da za ta gagari bakanike a gefen titi.

A 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka fara haɗa Peugeot a unguwar Kakuri ta Kaduna, inda aka yi shekaru ana jigilar sassan motar ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, a ƙarƙashin manufarta ta rage almubazzaranci, ta mayar da 504 motar manyan jami'ai. Wannan ciniki na gwamnati shi ne ƙashin bayan masana'antar, kuma shi ne rauninta. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986 sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, motocin hannu daga Turai suka cika kasuwa, sannan tsarin 2003 na mayar da haƙƙoƙin ma'aikata zuwa kuɗi ya rage sayen motocin ofis. An daina haɗa 504 a Kaduna a tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin salon ɗinta, a 2006 kuma gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta.

Yau Peugeot ɓangare ne na rukunin Stellantis da aka kafa a 2021, kuma iyalin na cikin manyan masu hannun jari. A 2022 wani sabon kamfani da ya haɗa da rukunin Dangote ya fara haɗa motocin a wajen Kaduna, a kan hanyar Abuja. A gidan tarihin kamfanin da ke Sochaux an jera motocin Armand na farko, masu sandar tuƙi da ƙafafun keke, a ɗaki ɗaya da zartuna da na'urorin niƙa gahawa da Eugène ya so a tsaya a kansu.