Tunawa da Kanar Yohanna Madaki, sojan da ya koma lauya

A watan Mayun 2006 ne Kanar Yohanna Madaki mai ritaya ya mutu, kuma har yanzu ba a daina saɓani a kan yadda ya kamata a tuna da shi ba a arewacin Nijeriya.

Ga jama'ar kudancin Kaduna, inda ya fito, lauya ne Kirista mai riƙo da addininsa, wanda ya tsaya wa mutanensa a lokacin da suka shiga tsaka mai wuya. Ga wasu da dama kuwa, musamman a Jalingo, shi ne gwamnan sojan da ya tuɓe wa Sarkin Muri rawani.

An haife shi ne a farkon shekarun 1940 a yankin Zangon Kataf, cikin al'ummar Bajju, waɗanda Hausawa ke kira Kaje. A wancan zamani yankin na ƙarƙashin masarautar Zazzau, daga Zariya ake naɗa hakiman da ke mulkinsa, lamarin da ƙabilun wurin suka daɗe suna kokawa a kai.

Ya shiga soja yana matashi, ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a ɓangaren gwamnatin tarayya, sannan ya karanta aikin lauya tun yana sanye da kaki.

Tuɓe Sarkin Muri

Bayan juyin mulkin da ya kawo Janar Ibrahim Babangida kan mulki a ranar 27 ga Agustan 1985, an naɗa Madaki gwamnan jihar Gongola, wadda aka raba ta a 1991 ta zama Adamawa da Taraba.

Shekara guda kacal ya yi a Yola, amma a cikinta ne, a 1986, ya sauke Sarkin Muri Alhaji Umaru Abba Tukur daga gadon sarauta, aka kuma kai shi Mubi zaman gudun hijira. Gwamnati ta ce ta same shi da laifin gudanar da mulki ba bisa ƙa'ida ba. Sarkin ya musanta, yana mai cewa ba a ba shi damar kare kansa ba.

Muri ba ƙaramar masarauta ba ce. Tana daga cikin masarautun Daular Usmaniyya ta Sakkwato, kuma Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, shi ne ya kafa ta a ƙarni na 19. Ba Madaki ne ya fara cire sarki a Arewa ba, domin gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963. Sai dai a wannan karo gwamnan Kirista ne, ɗan ƙaramar ƙabila, wanda ba ya ɓoye adawarsa da ƙarfin da sarakuna ke da shi a kan talakawa.

Lokacin ma bai taimaka ba. A farkon shekarar ne aka shiga cacar baki tsakanin Musulmi da Kirista kan shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, saboda haka kusan kowa ya kalli batun Muri ta fuskar addini, duk da cewa akwai masu ra'ayin sauyi cikin Musulmi da su ma suka daɗe suna sukar mulkin sarakuna tun zamanin jam'iyyar NEPU.

A watan Agustan 1986 aka mayar da shi jihar Binuwai, Jonah Jang ya gaje shi a Gongola. Makonni kaɗan bayan haka aka yi masa ritaya.

Sarkin da aka tuɓe ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Kano. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan kotu ba ta da hurumin sauraren rikicin sarauta, hukuncin da ɗaliban shari'a ke karantawa har yau. Kafin nan, a 1988, an riga an naɗa Alhaji Abbas Tafida a matsayin sabon sarki.

A gaban kotun soja

Madaki ya buɗe ofishin lauya a Kaduna, kuma a nan ne kashi na biyu na rayuwarsa ya soma.

A watan Fabrairun 1992 rikici ya ɓarke a Zangon Kataf tsakanin Hausawa da Katafawa kan sauya wa kasuwa matsuguni. Ya sake tashi a watan Mayu da muni fiye da na farko, aka kashe ɗaruruwan mutane, akasarin waɗanda suka mutu a cikin garin Hausawa Musulmi ne, kafin ramuwar gayya ta bazu zuwa Kaduna da Zariya.

Gwamnatin Babangida ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo, aka gurfanar da Manjo Janar Zamani Lekwot, tsohon gwamnan jihar Ribas, da wasu shugabannin Katafawa. Madaki na cikin lauyoyin da suka kare su, a ayarin da Cif G.O.K. Ajayi ya jagoranta.

Abin lura a nan shi ne, hujjar da lauyoyin suka dogara da ita, wato haƙƙin mutum a saurare shi cikin adalci kafin a hukunta shi, ita ce dai hujjar da Sarkin Muri ya kafa a kan gwamnatin Madaki shekaru shida kafin nan.

Lauyoyin sun janye daga shari'ar suna zargin kotun da nuna son kai. A watan Fabrairun 1993 aka yanke wa Lekwot da mutum biyar hukuncin kisa, kuma dokar soja ta hana ɗaukaka ƙara. Daga baya gwamnati ta sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara biyar. A 1995 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta ce an tauye wa mutanen haƙƙinsu na kare kai da na ɗaukaka ƙara, yayin da Hausawan da suka rasa 'yan'uwansu a Zango ke ganin cewa su ne ba a yi wa adalci ba.

Madaki ya rayu har ya ga an ba Bajju da Katafawa masarautun kansu a tsakiyar shekarun 1990, zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa. Da aka koma mulkin farar hula a 1999 ya shiga jam'iyyar PDP, ya kuma ci gaba da aikin lauya a Kaduna har zuwa mutuwarsa.