Tarihin Sarki Atiyas na Sikitiyawa, wanda ya mutu a fagen fama yana da shekara fiye da 90

Masu karatu, a wannan makon za mu leƙa arewacin Bahar Aswad, inda ƙasar Yukren take a yau, domin mu kawo muku tarihin Atiyas, sarkin Sikitiyawa.

Su Sikitiyawa makiyaya ne mahaya dawaki, gwanayen harbi da baka. Ɗakunansu a kan amalanke suke, abincinsu nama da nonon goɗiya. Suna kai wa Girkawan da ke biranen bakin teku alkama da fatu da bayi, su karɓo giya da tukwane da kayan ƙawa. Manyansu kuwa ana binne su ne cikin tuddai tare da dawakinsu da zinariya, shi ya sa har yau masu tonon kayan tarihi ke samun kayansu.

Atiyas ya yi zamani a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ikonsa ya kai bakin kogin Danub, cikin ƙasar Romaniya ta yanzu. An buga kuɗin azurfa da sunansa cikin haruffan Girkanci, da hoton mahayi riƙe da baka, abin da ke nuna cewa ya san darajar kasuwa.

Marubucin tarihi Jastin ya ba da labarin yadda ƙarshensa ya zo. Da mutanen Istiriya suka matsa masa da yaƙi, sai ya nemi gudummawar Filib na Biyu, sarkin Makidoniya, mahaifin Iskandar Mai Girma, ya yi masa alkawarin zai naɗa shi magajinsa. Ana cikin haka sai sarkin abokan gaba ya mutu, yaƙi ya lafa. Nan take Atiyas ya sallami dakarun Filib, ya ce bai nemi taimako ba, kuma yana da ɗan da zai gaje shi.

A lokacin Filib ya kashe dukiya mai yawa wajen kewaye birnin Bizantiyum, wato Istanbul ta yau. Ya aika a biya shi wani abu daga ɗawainiyar da ya yi, Atiyas ya kawo hanzarin talaucin ƙasarsa. Filib ya sake neman izinin shiga ya kafa gunkin tagulla a bakin Danub, tsohon ya ce in aka kafa shi da ƙarfi zai narke shi ya yi kan kibau.

A shekarar 339 kafin haihuwar Annabi Isa aka gwabza. Aka ci Sikitiyawa, Atiyas ya mutu a fagen fama, ya haura shekara 90. Filib ya kwashe mata da yara 20,000 da goɗiyoyi 20,000, amma bai samu zinariya ko azurfa ba. A kan hanyarsa ta komawa ƙabilar Tiribali ta tare shi tana neman kaso. Ya ƙi, aka yi faɗa, aka soke shi a cinya, ganimar ta salwanta.

Mu da muke harka da bashi da amana tsakanin ƙasa da ƙasa mun san alkawari kaya ne. Atiyas ya ƙi biyan ɗan abin da ke kansa, ya rasa ransa, aka kwashi dubban mutanensa bayi. Allah Ya sa mu cika alkawarin da muka ɗauka, amin.