Edvard Munch, mai zanen da ya yi wa fargaba fuska

Duk mai amfani da WhatsApp ya san ƙaramar fuskar nan mai wangamemmen baki, hannuwa dafe da kumatu. Asalinta zane ne na 1893 da ake kira Ihu, aikin Edvard Munch ɗan ƙasar Norwe.

An haife shi ranar 12 ga Disamba 1863, ya tashi a gidan da ciwo ya yi wa ƙawanya. Yana da shekara biyar tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa, a 1877 kuma ya ɗauke yayarsa Sophie tana da shekara 15. Ƙanwarsa Laura ta yi fama da taɓin hankali. Mahaifin, likitan soja ne mai tsananin riƙo da addini, yakan tsorata ƴaƴansa da azabar wuta. Yaron ya girma yana ganin shi ma mutuwa ko hauka na jiran sa.

Wata rana da magariba yana tafe da abokai biyu a bayan garin Kristiania, Oslo ta yau, sai sama ta yi jajawur kamar jini. Abokan suka wuce, shi ya tsaya jiki na rawa, yana jin kamar duniya ce duka take kururuwa. Abin da ya zana ke nan. Mutane da yawa sun ɗauka mutumin cikin zanen ne ke ihu, alhali kunnuwansa ya toshe. Sama da ruwa duk sun murɗe, sauran mutane biyun kuwa tafiyarsu kawai suke, ba su san halin da yake ciki ba. Wannan shi ne wurin da ya fi ciwo a zanen.

Shan giya da firgici suka kai shi ƙasa a 1908. Ya kwanta wajen wata takwas a wani asibiti a Kofanhagen, ya fito da sauƙi, launukansa ma suka washe. Bai taɓa aure ba. A 1937 gwamnatin Hitila ta cire ayyukansa 82 daga gidajen tarihin Jamus, wai lalataccen zane ne.

Ya rasu ranar 23 ga Janairu 1944 yana da shekara 80, ya bar wa birnin Oslo duk zanukan da ke hannunsa. Ihu kala huɗu ya zana. An sace ɗaya a 1994, wani a 2004, duk an gano su. Na 1895 an sayar da shi a Niyok a 2012 kan dala kusan miliyan 120.