Solon

Solon (an haife shi wajajen shekara ta 630, ya rasu wajajen 560 kafin Miladiyya) ɗan siyasa ne, mai tsara dokoki kuma mawaƙi daga birnin Atina na tsohuwar ƙasar Girka. An fi saninsa da soke basussukan da suka jefa talakawan Atina cikin bauta, da raba jama'a gida huɗu bisa yawan amfanin gonarsu, da kuma ƙin karɓar mulkin kama-karya a lokacin da yake da halin yin haka. Girkawa sun sanya shi cikin masu hikima bakwai na zamanin da. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga guntayen waƙoƙinsa da suka rage, da kuma rubuce-rubucen Herodotus, Aristotal da Pulutak, waɗanda duk sun rayu bayansa.

Asali da farkon rayuwa

Sunan mahaifinsa Eksekestides, daga wani babban gida da ake danganta shi da Kodrus, wanda a labaran gargajiya shi ne sarkin Atina na ƙarshe. Gidan yana da asali amma dukiyarsa matsakaiciya ce, kuma Pulutak ya ruwaito cewa Solon ya yi fatauci ta teku tun yana saurayi.

Sunansa ya fara fitowa ne a rikicin Atina da maƙwabciyarta Megara a kan tsibirin Salamis. An ruwaito cewa bayan Atinawa sun gaji da yaƙin, sun kafa dokar kisa ga duk wanda ya sake kawo zancen ƙwato tsibirin. Solon ya yi haukan ƙarya, ya fito dandalin kasuwa ya rera waƙar da ta zaburar da jama'a, har aka janye dokar, aka koma yaƙi, Salamis ya dawo hannun Atina.

Halin da Atina take ciki

A ƙarshen ƙarni na bakwai kafin Miladiyya, filayen noma da muƙamai duk suna hannun manyan gidaje kaɗan. Akwai manoman da ake kira hektemoroi, kalmar da ta samo asali daga kashi ɗaya cikin shida, wato rabon amfanin gona da aka fi zaton suna miƙa wa masu ƙasa. A bakin gonakinsu ana kafa duwatsun shaida masu suna horoi, alamar cewa gonar tana ƙarƙashin haƙƙin wani. A lokacin mutum kan ci bashi ya jinginar da kansa, in ya kasa biya sai a bautar da shi da 'ya'yansa, wasu ma a sayar da su zuwa ƙasashen waje.

Wannan hali ne ya buɗe ƙofa ga abin da Girkawa ke kira tyrannos, wato mutumin da ya ƙwace mulki shi kaɗai ba ta hanyar gado ko al'ada ba. Da farko kalmar ba ta nufin mugun shugaba kai tsaye. Ma'anar zalunci ta manne mata ne daga baya. Biranen Korint da Megara duk sun faɗa hannun irin waɗannan masu mulki. A Atina ma wani mai suna Kailon, surukin mai mulkin Megara, ya yi yunƙurin kama tudun Akropolis wajajen 632 bai yi nasara ba. Wajajen 621 Drako ya rubuta dokokin farko na birnin, waɗanda suka shahara da tsanani, amma ba su magance matsalar bashi da ƙasa ba.

Soke bashi

A shekarar 594 aka zaɓi Solon a matsayin arkon, babban muƙamin birnin na shekara guda, aka kuma ba shi ikon sasanta ɓangarorin biyu. Masu kuɗi sun amince da shi saboda asalinsa, talakawa kuma saboda gaskiyarsa.

Matakinsa na farko shi ne wanda aka sani da seisaktiya, ma'ana kakkaɓe kaya daga wuya. Ya soke basussuka, ya sa aka tumɓuke duwatsun horoi daga gonaki, ya 'yantar da Atinawan da aka bautar a gida, ya kuma dawo da da dama daga cikin waɗanda aka sayar waje, wasunsu har harshen Atina ya kuɓuce musu. Sannan ya haramta ba da bashi bisa jinginar da jikin mutum. Wannan ya kare 'yan ƙasa ne kawai, domin bautar baƙi ta ci gaba a Atina ɗaruruwan shekaru bayan haka.

Sai dai ya ƙi biyan babbar buƙatar talakawa, wato a ƙwace filaye a raba wa kowa daidai. Saboda haka ya rasa ɓangarorin biyu: masu kuɗi suna kukan asarar bashinsu, talakawa suna ganin bai kai inda suka so ba.

Dukiya da muƙami

Solon ya sa dukiya ta maye gurbin asali a matsayin ma'aunin riƙe muƙami. An raba 'yan ƙasa gida huɗu bisa abin da gonarsu ke bayarwa a shekara, na hatsi ko man zaitun ko ruwan inabi. Ma'aunin hatsi shi ne medimnos, wanda ya kai kimanin lita 52. Gida na farko masu awo 500 ne zuwa sama. Na biyu su ne hippeis, wato mahaya dawaki, masu awo 300. Na uku su ne zeugitai masu awo 200, sunan da ake danganta shi da karkiyar shanun noma. Na ƙarshe su ne thetes, 'yan ƙwadago da duk wanda bai kai awo 200 ba.

Manyan muƙamai na masu yawan awo ne, thetes kuwa ba sa riƙe muƙami, amma suna da wuri a taron jama'a da kotun jama'a. Littafin Tsarin Mulkin Atinawa, wanda ake jingina wa Aristotal, ya ce Solon ya kafa majalisa mai mutum 400, ɗari daga kowace ƙabila cikin ƙabilu huɗu, ya bar wa tsohuwar majalisar Areopagus aikin tsaron dokoki. Littafin ya ware abubuwa uku da suka fi amfanar talaka: hana jinginar da jiki, ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙara a madadin wanda aka zalunta, da 'yancin ɗaukaka ƙara daga hukuncin mai muƙami zuwa kotun jama'a.

Sauran dokokinsa

Ya soke dokokin Drako ban da waɗanda suka shafi kisan kai. An rubuta sababbin dokokin a kan allunan katako masu juyawa da ake kira aksones, aka ajiye su inda jama'a za su gani. Ya hana fitar da amfanin gona zuwa waje in ban da man zaitun, don kada hatsi ya yi ƙaranci a gida. Uban da bai koya wa ɗansa sana'a ba, ba shi da haƙƙin ɗan ya ciyar da shi in ya tsufa. Baƙon da ya taso da iyalinsa don yin sana'a a Atina yana iya zama ɗan ƙasa. Wanda ba shi da ɗa yana iya yin wasiyya da dukiyarsa ga wanda ya so. Ya kuma taƙaita almubazzaranci a wajen jana'iza. Wata doka da aka jingina masa ta ce duk wanda ya zauna 'yan ba-ruwanmu a lokacin rikicin cikin gida zai rasa haƙƙinsa na ɗan ƙasa.

Ƙin mulki da tafiye-tafiye

Abokansa sun matsa masa ya riƙe mulki shi kaɗai, wasu har suna yi masa ba'a cewa ya saki abin da ya riga ya kama. Ya ƙi, domin a ganinsa mulkin mutum ɗaya wuri ne mai daɗin hawa amma ba shi da hanyar sauka, kuma zaman lafiyar gari yana tare da kyakkyawan tsarin doka, abin da ya kira eunomiya. Bayan ya sa Atinawa sun rantse ba za su canza dokokin ba, sai ya bar garin na shekara goma don kada a tilasta masa gyara su. Ya je Masar da tsibirin Kubrus.

Herodotus ya kawo labarin ziyararsa ga Krosus, sarkin Lidiya mai tarin dukiya, a birnin Sardis. Sarkin ya nuna masa taskokinsa, ya tambaye shi wanda ya fi kowa dacewa a duniya, yana sa ran jin sunansa. Solon ya ambaci Tellus, wani Ba'atine mai rufin asiri da ya ga jikokinsa kuma ya mutu yana kare garinsu, sannan 'yan'uwa biyu Kleobis da Biton na Argos. Hujjarsa ita ce ba a yanke wa mutum hukuncin dacewa sai an ga ƙarshensa. Krosus ya sallame shi da raini, amma da Sairus na Farisa ya ci shi da yaƙi ya ɗora shi a kan tarin itace don ƙonawa, sai ya tuna maganar ya kira sunan Solon sau uku, abin da ya sa Sairus ya fasa kashe shi. Tun zamanin Pulutak ake shakkar haɗuwar, domin Krosus ya hau mulki ne wajajen 560, shekaru da yawa bayan tafiyar Solon.

Ƙarshen rayuwa

Rikici bai ƙare da dokokinsa ba. An yi shekarun da aka kasa zaɓen arkon, wani mai suna Damasiyas kuma ya maƙale a kujerar shekara biyu da wata biyu kafin a cire shi da ƙarfi. Wajajen 561 Pisistratus, wanda ake cewa ɗan'uwan Solon ne ta wajen uwa, ya ji wa kansa da alfadaransa rauni, ya shigo kasuwa yana cewa maƙiya ne suka far masa. Taron jama'a ya ba shi dogarai masu kulake, da su ya kama Akropolis. Solon, da yake tsoho a lokacin, ya yi gargaɗi ba a saurare shi ba, sai ya ajiye makamansa a ƙofar gidansa alamar ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya rasu ba da daɗewa ba, kuma an ruwaito cewa an watsa tokar gawarsa a Salamis.

Tasirinsa

Pisistratus ya bar yawancin dokokin Solon suna aiki. Bayan an kori ɗansa Hippiyas a 510, Kilistenis ya gina sabon tsarinsa na 508 a kan wannan tushe, shi ya sa Atinawan baya suka ɗauki Solon a matsayin uban dimokuraɗiyyarsu, duk da cewa tsarinsa ya bar manyan muƙamai a hannun masu dukiya. Aflatun, wanda ke da dangantaka da gidan Solon ta wajen mahaifiyarsa, ya lissafa shi cikin masu hikima bakwai a littafin Protagoras, ya kuma ce ta hannunsa labarin Atlantis ya zo daga malaman addinin Masar. Aristotal ya kawo shi a matsayin hujjar cewa mafi kyawun masu tsara doka daga matsakaitan mutane suke fitowa. Akwai kuma sukan da ake jingina wa Anakarsis, wani baƙo mai hikima, wanda ya kwatanta rubutattun dokoki da saƙar gizo mai kama ƙananan ƙwari, manya kuwa su keta ta su wuce. Solon ya amsa cewa mutane kan kiyaye yarjejeniya idan karya ta ba ta da riba ga kowane ɓangare.